Ƙauyen Schuld da kwarin Ahr: yaya ƙaramin kogi ya ci gari a tsakiyar dazukan Jamus?

Duk sanda aka yi wata ambaliya mai muni, ba a daɗewa sai wani ya tono hotunan Jamus na watan Yulin 2021 ya sako cikin muhawara: gidaje a tsage, motoci a kan juna, laka har bakin taga. Wasu su ce, to ga shi ko Jamus ruwa ya ci, ashe ambaliya ba ta da magani. Wasu kuma su yi mamaki, su ce wannan wuri da ke kewaye da tuddai da itatuwa, babu teku kusa, babu wani babban kogi, ta ina ruwan ya fito? Ba an ce daji yana tare ambaliya ba?

Yawancin hotunan da suka fi yawo a kwanakin farko na wani ƙaramin ƙauye ne mai suna Schuld, wanda mutanensa ba su wuce 700 ba. Can ne shugabar gwamnati ta wancan lokaci, Angela Merkel, ta je ranar 18 ga Yuli, ta ce da ƙyar harshen Jamusanci yake da kalmomin siffanta irin ɓarnar da ta gani. Tambayar ita ce: me ke cikin yanayin ƙasar wannan ƙauye da maƙwabtansa da ya sa ruwan yini guda ya yi musu haka, kuma a ina ikon ƙasa ya tsaya sakacin mutane ya ɗauka?

Ina ne Schuld, kuma yaya yake zaune?

Schuld yana yammacin Jamus, a jihar Rhineland-Palatinate, cikin gundumar Ahrweiler. Yankin sunansa Eifel, ƙasa ce mai tuddai da ta miƙe daga gaɓar kogin Rhine zuwa iyakar Beljiyam da Luksambak. Tuddan ba wasu dogaye ba ne. Mafi tsawonsu, Hohe Acht, mita 747 ne kawai. Birnin Bon, inda gidan rediyon DW yake da sashensa na Hausa, yana arewa da wurin, tafiyar da ba ta fi awa guda a mota ba.

Wanda ya hango Eifel daga sama zai ga kamar shimfiɗaɗɗen tudu ne mai gonaki da makiyaya, amma koguna sun yayyanka shi, sun yi masa kwazazzabai masu zurfi. Ɗaya daga cikin kogunan shi ne Ahr. Tsawonsa kimanin kilomita 85 ne. Yana ɓuɓɓugowa ne a garin Blankenheim, daga ƙarƙashin wani tsohon gida, ya yi ta lanƙwasa yana gangarowa gabas har ya faɗa Rhine kusa da Sinzig. Tsakanin mafarinsa da bakinsa yana sauka fiye da mita 400. A ranar da babu ruwan sama, akwai wurare da yawa da mutum zai naɗe wando ya tsallaka shi da ƙafa.

A Schuld kogin yana yin gwiwa, ya zagaye wani tsinin dutse, tsohon garin kuma yana zaune a cikin wannan gwiwar da gefenta. Cocin garin yana kan ɗan tudu. Gidaje da yawa, har da irin tsofaffin nan da ake kafa sassaƙaƙƙun katakai a cike tsakaninsu da yumɓu, suna ƙasa kusa da ruwa. A nan kuma wani rafi mai suna Armuthsbach yake shigowa cikin Ahr. Daga bayan gidaje, gangare ne mai tsayi wanda itatuwa suka rufe.

Haka kusan dukan ƙauyukan kwarin suke a jere: Müsch, Antweiler, Schuld, Insul, Dümpelfeld, Hönningen, Ahrbrück, Kreuzberg, Altenahr, Mayschoss, Rech, Dernau, sannan garin Bad Neuenahr-Ahrweiler inda kwarin ya ɗan buɗe. Kowannensu ya samu ɗan fili ne a inda kogi ya bar ƙasa mai laushi. Titi, layin dogo, makaranta, gidan mai, maƙabarta, duk sun matsu cikin wannan siririn fili, domin babu wani wurin da ya kwanta.

Me ya kai mutane cikin kwazazzabo tun farko?

Wannan tambaya tana yawan fitowa daga bakin masu ganin laifin mazauna, kuma amsarta ba ta da wuya. Saman tuddan Eifel wuri ne mai sanyi da iska, ƙasarsa ba ta da ƙarfi. Shekaru aru-aru yankin yana cikin mafi talauci a ƙasar Jamusawa, har mutane da yawa suka bar shi zuwa Amurka a ƙarni na 19. Kwarin kuwa yana da ruwa, yana da ɗumi, yana da ƙasa mai kyau a bakin kogi, ga ƙarfin ruwa na juya injin niƙa.

Daga Altenahr zuwa ƙasa akwai ƙarin dalili, wato inabi. Baƙin dutsen gangaren yana shan zafin rana da yini ya sake shi da dare, shi ya sa ake noma jan inabi a wurin duk da kasancewarsa arewa sosai. Gonakin inabin Ahr gaba ɗaya ba su kai hekta 600 ba, amma giyar da ake yi da su ta yi suna, kuma ƙungiyar manoman inabi ta Mayschoss, wadda aka kafa a 1868, tana cikin mafi daɗewa a duniya. A zamanin nan kuma baƙi masu yawon buɗe ido ne suka riƙe tattalin arzikin wurin: masu tafiyar ƙasa cikin daji, masu keke, masu kafa tanti a bakin kogi, da masu zuwa kallon tseren motoci a filin Nürburgring da ke kusa da garin Adenau. Duk otal ɗin da yake son ciniki, to kusa da ruwa zai gina.

Yadda ƙasar take tara ruwa

Nan ne gundarin maganar. Kowane kogi yana da faɗin ƙasar da duk ruwan saman da ya sauka a kanta, a cikinsa zai ƙare. Na Ahr ya kai kimanin murabba'in kilomita 900. Abu uku ne suka sa wannan faɗin ƙasa ke da haɗari.

Na farko dutse. Ƙarƙashin yawancin yankin wani tsohon dutse ne mai falle-falle, irin wanda ake fasawa a rufa ɗaki da shi a can. Ba ya shan ruwa. Ƙasar da ke kansa kuma ba ta da kauri, musamman a gangare. Da zarar ta jiƙe ta ƙoshi, duk ɗigon da ya biyo baya gudu zai yi a sama.

Na biyu tsayin gangaren, wanda ke sa ruwan ya iso ƙasa da sauri. Na uku yawan ƙananan rafuka: Trierbach da ke shiga a Müsch, Armuthsbach a Schuld, rafin Adenau a Dümpelfeld, Sahrbach a Kreuzberg, da wasu da dama. Idan ruwa ya sauka a gefe ɗaya na yankin, rafi ɗaya ko biyu ne za su cika, kogin ya haɗiye. Idan ya sauka ko'ina a lokaci guda, dukansu za su kawo nasu kusan tare.

Mai gidan kwano ya san wannan lissafin. Rufin ba ya riƙe komai, duk faɗinsa kuma indararo ɗaya yake zubarwa. Tuddan Eifel su ne rufin, kwarin Ahr shi ne indararon, ƙauyukan kuma a cikin indararon aka gina su.

A ranar 14 ga Yulin 2021 wani hadari da masana yanayi na Jamus suka laƙaba wa suna Bernd ya tsaya cak a kan yankin, ya ƙi wucewa. A wurare da yawa ruwan da ya zuba ya haura milimita 100 cikin yini ɗaya, abin da ya fi na watan Yuli gaba ɗaya a shekarar da ta saba. Mutumin Kano ko Damagaram zai iya cewa ai milimita 100 ba abin da ba a taɓa gani ba ne a tsakiyar damina. Gaskiya ne. Amma a lissafa: milimita 100 a kan murabba'in kilomita 900 ya kama ruwa kubik mita miliyan 90. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan ruwa zai bazu, ya kwanta, ya yi kwanaki yana hawa a hankali. A Ahr ba shi da wurin bazuwa, sai dai ya hau sama ya ƙara gudu. Ga shi kuma makonnin da suka gabata an yi ta ruwa, ƙasa ta riga ta ƙoshi.

A ma'aunin ruwa na Altenahr, a matsakaici kogin yana wucewa da abin da bai kai kubik mita 10 ba a daƙiƙa. A ambaliyar 2016, wadda a lokacin ake ce mata mafi girma tun da aka fara aune-aune, ya kai 236, tsayin ruwan kuma mita 3.71. A daren 14 ga Yuli ma'aunin ya daina aiki bayan ya nuna mita 5.75, ruwa ya tafi da shi. Daga baya masana suka bi alamun da laka ta bari a bango, suka ƙiyasta cewa abin da ya wuce ya kama daga kubik mita 750 zuwa sama da 1,000 a daƙiƙa. Ruwan ya bar hanyarsa, ya bi ta cikin ramin da aka huda a dutse don motoci a Altenahr, ya fito ɗaya gefen ya haƙa wawakeken rami.

To ina amfanin dajin?

Jihar Rhineland-Palatinate tana cikin waɗanda suka fi kowace daji a Jamus, fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasarta itatuwa ne. Idan har daji kaɗai yana hana ambaliya, da Schuld yana cikin wuraren da suka fi ko'ina aminci.

Daji yana taimakawa, ba a musun wannan. Ganye yana tare wani kaso na ruwan, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa yana tsotsa, saiwa tana riƙe ƙasa kada ta zaizaye. A ruwa matsakaici wannan yana rage ƙarfin kogi sosai. Sai dai abin yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce kaurin ƙasar da itacen ke tsaye a kai. Ƙasa mai kaurin kamu biyu ko uku a kan dutse ba za ta ɗauki fiye da abin da za ta iya ba, ko da wane irin itace aka dasa a kanta.

Sannan dajin Eifel ba na asali ba ne gaba ɗaya. An sare yawancin na farko ƙarnoni da suka wuce don yin gawayin narka ƙarfe da kiwon tumaki. A ƙarni na 19, bayan yankin ya shiga hannun daular Prussia, hukuma ta sa aka yi ta dasa wani itace mai ganye kamar allura da Jamusawa ke kira Fichte, saboda yana girma da sauri kuma yana ba da katako. Saiwarsa ba ta nutsewa ƙasa sosai. A farin da aka yi daga 2018 zuwa 2020 waɗannan itatuwa suka galabaita, wani ƙwaro mai cin ƙarƙashin ɓawo ya afka musu, aka yi asarar daji mai yawa a faɗin Jamus. Inda aka sare matattun itatuwa, manyan injuna sun danne ƙasa, hanyoyin da aka fasa cikin daji don jan katako kuma suka zama magudanai masu kai ruwa kai tsaye cikin rafi.

Masu kare muhalli suna kafa hujja da wannan, suna cewa yadda ake sarrafa daji da gonakin saman tudu ya ƙara wa ambaliyar ƙarfi. Masana ruwa da yawa sun yarda ya ƙara, amma suna ganin da irin ruwan da ya sauka ran nan, ko dajin yana da cikakkiyar lafiya sai kwarin ya cika. A ganina duka biyun suna da gaskiya, kuma saɓaninsu na yawan kaso ne kawai.

Akwai ma wani ɓangare da ba a cika faɗa ba: dajin da kansa ya ba ruwan makami. Gungumen itace, rassa, katakon da aka tara a bakin hanya, sun haɗu da motoci, tirelolin kwana na masu yawon shaƙatawa, da tankunan man ɗumama ɗaki, suka toshe ƙarƙashin gadoji. Gadojin Ahr da yawa tsofaffi ne na dutse masu ƙananan ƙofofi. Gada ta toshe sai ta zama madatsa, ruwa ya taru a bayanta ya shiga gari, in ta karye kuma ya afka wa ƙauye na gaba da ƙarfin da ya ninka. Gadoji kusan 60 ne suka rushe a kwarin. Tsohuwar gadar Nepomuk ta ƙauyen Rech, wadda ta tsaya da rabin jikinta, an yi ta jayayya a kanta tsakanin masu son adana tarihi da masu tsoron ta sake toshewa, daga ƙarshe aka rushe ta a 2023.

Sauyin yanayi ne ko tsohon hali?

Nan ma mutane sun rabu gida biyu, kowa ya riƙe rabin gaskiya. Kwarin Ahr ya taɓa ganin irin wannan. A watan Yulin 1804 ambaliya ta kashe mutum fiye da 60, kuma masana na jami'ar Bon da suka bi tsofaffin alamun ruwa sun ƙiyasta cewa yawan ruwanta ya yi kusa da na 2021. A watan Yunin 1910 an sake yin wata, ta kashe fiye da 50, da yawansu leburori ne masu aikin shimfiɗa layin dogo. Bayan ta 1910 an zana tsarin gina madatsun tare ruwa a saman kwarin, amma ba a gina ba.

Abin takaici shi ne taswirar haɗarin ambaliya da hukuma ke aiki da ita kafin 2021 ba ta sa waɗannan biyun cikin lissafi ba. An dogara ne da alƙaluman ma'aunin ruwa, waɗanda suka fara bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa abin da ake ɗauka a matsayin ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari ya tsaya a wajen kubik mita 240 a daƙiƙa, alhali tarihin wurin ya nuna ninkinsa huɗu ko biyar. Da wannan taswira aka ba mutane izinin gini, da ita kuma mutane suka auna ko gidansu na cikin haɗari.

Wannan bai wanke sauyin yanayi ba. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi. Wani rukunin masana na ƙasa da ƙasa da ya yi nazarin ruwan bayan aukuwarsa ya ce ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar samun irinsa a yammacin Turai da ninki 1.2 zuwa 9, ta kuma ƙara masa ƙarfi da kashi 3 zuwa 19 cikin ɗari. Tazarar tana da faɗi domin yankin ƙarami ne, lissafi a kansa da wuya. Ma'anar dai ita ce kwarin yana da wannan hali tun asali, yanzu kuma zai riƙa nuna shi a kai a kai fiye da da.

Abin da ya raba Schuld da garuruwan ƙasa

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki idan suka ji: duk da cewa hotunan Schuld ne suka zagaye duniya, gidaje sun rushe, tsakiyar garin ta koma tarkace, ba a rasa rai a cikin ƙauyen ba. Mutum 135 ne suka mutu a kwarin Ahr, cikin fiye da 180 da suka mutu a Jamus gaba ɗaya, kuma mafi yawansu a can ƙasa ne, musamman Bad Neuenahr-Ahrweiler.

Dalilin yana da alaƙa da wurin da kowa yake zaune a jikin kogin. Schuld yana sama. Ruwa ya iso shi da yamma, a lokacin bazarar Turai da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Mutane suna farke, suna ganin kogin da idonsu, sun san juna, sun san tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, gangare kuma yana bayan gida. Garuruwan ƙasa ruwan ya same su cikin dare. A Sinzig, kusa da bakin kogin, sai bayan ƙarfe biyu na dare ya iso, ya shiga wani gidan kula da masu naƙasa ya kashe mutum 12 da ke kwana a hawan ƙasa. Tsakanin lokacin da ruwa ya ci Schuld da lokacin da ya kai Sinzig akwai awoyi masu yawa, waɗanda sun isa a kwashe mutane.

Me ya hana? Sai an fahimci yadda ake mulkin ƙauye a can. Ƙauye kamar Schuld yana da magajin gari da majalisa, amma aikin sa-kai ne, mutum yana yi ne bayan sana'arsa. Ƙauyuka da dama suke haɗuwa su yi ofishi guda mai ma'aikata, na su Schuld yana Adenau. 'Yan kwana-kwanan ƙauye ma 'yan sa-kai ne, manomi da makaniki da malamin makaranta. Sama da su akwai gunduma, kuma idan bala'i ya fi ƙarfin ƙauyuka, shugaban gunduma ne ke da alhakin jagoranci da ba da umarnin kwashe jama'a. Gwamnatin tarayya tana hasashen yanayi, jiha tana hasashen tsayin kogi, amma yanke shawara a ƙasa yake.

Hasashen ya zo. Tsarin gargaɗin ambaliya na Turai ya ankarar da hukumomi kwanaki kafin ranar, hukumar yanayi ta Jamus ta fitar da gargaɗi mafi tsanani. Da rana ofishin muhalli na jiha ya yi hasashen ruwa zai haura mita 5 a Altenahr, da yamma ya rage adadin, daga baya ya sake ɗaga shi zuwa kusan mita 7. Shugabar haɗakar ƙauyukan Altenahr, Cornelia Weigand, ta nemi gunduma ta ayyana dokar bala'i tun da la'asar. Ba a ayyana mataki mafi girma ba sai bayan ƙarfe 11 na dare, kuma umarnin da aka bayar shi ne a kwashe waɗanda ke cikin mita 50 daga kowace gaɓa, a lokacin da ruwan ya riga ya wuce nan da nisa. Wutar lantarki ta ɗauke, layukan waya sun mutu. Jiniyoyin gargaɗi da ke kan rufin gine-gine a zamanin yaƙin cacar baka, an cire da yawansu bayan 1990 don ana ganin ba su da sauran amfani.

Tsarin gidajen ma ya taka rawa. Gidan Bajamushe yawanci yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda injin ɗumama gida da kayan ajiya suke. Mutanen da suka saba da ƙaramar ambaliya sun san abin yi: a sauka a kwashe kaya, a kunna famfon zuƙe ruwa, a fitar da mota daga gareji. Wannan sabon ne ya halaka wasu, domin da ruwa ya danno ƙofa ba ta buɗuwa. Mafi yawan mamatan sun haura shekara 60.

Shugaban gundumar, Jürgen Pföhler, ya bar kujerarsa, Weigand ce aka zaɓa ta gaje shi a farkon 2022. Masu gabatar da ƙara na birnin Koblenz sun bincike shi kusan shekara uku, a watan Afrilun 2024 suka rufe binciken ba tare da kai shi kotu ba, bisa hujjar cewa ba za a iya tabbatar da cewa wani mataki nasa zai ceci wani takamaiman rai ba. Iyalan mamata da yawa ba su yarda da wannan hukunci ba. A matakin siyasa kuwa ministoci biyu sun sauka a 2022: Anne Spiegel, wadda ita ce ministar muhalli ta jihar a lokacin ambaliyar, da ministan cikin gida na jihar, Roger Lewentz.

Sake gini: a ina, kuma da kuɗin wa?

Gwamnatin tarayya da jihohi sun kafa asusun Yuro biliyan 30 don sake gina yankunan da abin ya shafa. Mai gida zai iya samun har kashi 80 cikin ɗari na kuɗin gyara. Wannan tallafi ya zama dole ne domin inshorar gida ta yau da kullum a Jamus tana biyan gobara da guguwa, ba ta biyan ambaliya sai an sayi ƙari na musamman, kuma fiye da rabin gidajen ƙasar ba su da wannan ƙarin a 2021. Tun daga lokacin ake jayayya ko a tilasta wa kowa saye. Masu goyon baya suna cewa ba daidai ba ne mai biyan haraji ya riƙa ɗaukar nauyin wanda ya ƙi yin inshora. Masu adawa suna cewa mutumin da gidansa ke kan tudu me ya haɗa shi da kuɗin mai gida a bakin kogi, ga kuma tsoron cewa inshorar dole za ta ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar gini a wuri mai haɗari.

Kuɗin yana nan a takarda, fitar da shi ne aiki. Cike-ciken takardu, jiran masu ƙiyasta ɓarna, ƙarancin magina da masu aikin famfo da lantarki, sun sa wasu iyalai sun shafe shekaru a gidajen wucin gadi. Tsofaffi da dama ba su koma ba. A makonnin farko ma, kafin hukuma ta daidaita, manoma da taraktocinsu da dubban 'yan sa-kai da shebur ne suka kwashe lakar.

Babbar tambayar ita ce ko ya kamata a sake gini a inda ruwa ya ci. An zana sabuwar taswira, amma gidajen da aka hana sake ginawa kwata-kwata 'yan kaɗan ne, ba su kai 40 ba cikin dubban da suka lalace. Masana da yawa sun soki wannan, suna cewa an mayar da mutane bakin haɗari. Wanda ya san wurin kuma zai tambaya: a koma ina? Gangaren ya yi tsayi, wani daji ne mai kariyar doka, wani gonar inabi ce da ita ce abincin mutane. Komawa saman tudu yana nufin barin ƙauyen gaba ɗaya, da cocinsa da maƙabartarsa. Abin da aka fi yi shi ne sauya fasalin gini: a ɗaga hawan zama sama, a bar ƙasa fili ko gareji, a cire tankin mai daga ƙarƙashin gida, a gina gadoji masu faɗin ƙofa da ƙarancin ginshiƙai, a faɗaɗa wa kogi gado a inda fili ya samu.

A ɓangaren gargaɗi an samu canji na zahiri. An kafa sababbin jiniyoyi a kwarin, kuma tun watan Fabrairun 2023 Jamus tana da tsarin da ke aika saƙon gargaɗi kai tsaye ga duk wayar hannu da ke cikin yankin haɗari, ba sai mutum ya saukar da wata manhaja ba. Ƙasashe kamar Amurka, Japan da Holan sun daɗe da irin wannan tsari kafin Jamus ta waiwaye shi.

Abin da zai rage ruwan kansa shi ne tsohon tsarin nan da aka ajiye bayan 1910. Gundumar Ahrweiler ta sa an yi nazari, aka fito da wurare fiye da 15 a kan Ahr da rafukansa inda za a gina madatsun da za su zauna a bushe, sai an yi ruwa mai yawa su tare shi su riƙa saki a hankali. Kuɗin ya haura Yuro biliyan ɗaya, aikin kuma na shekaru gommai ne, kuma asusun sake gini an kafa shi ne don mayar da abin da ya lalace, ba don sabon aiki irin wannan ba. Filayen da za a yi madatsun kuma suna ƙananan kwaruruka na sama, makiyaya da dazukan ƙauyukan da su ba su ne za su fi cin moriyar ba, wasu ma suna cikin jihar North Rhine-Westphalia ko wata gunduma dabam, inda Ahrweiler ba ta da ikon ba da umarni.